Tudun Kumasi da Ƙafa

Direban tasi ya ce, "Baba, shigo, gaba tudu ne."
Na ce ai tudun na zo gani.
Ya yi dariya, ya ja motarsa,
ya bar ni da hayaƙi da takalmin roba.

Daga Kejetiya na ɗauko hanya,
inda mata ke ɗaukar duniya a kan gammo:
doya, busasshen kifi, agogon bango,
wata har da keken ɗinki,
tana tafe tana ɓarar gyaɗa.

Titin Adum bai san miƙewa ba.
Ya hau, ya karkace, ya sake hawa,
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.
Gwiwar hagu ta fara ƙorafi.
Na ce yi shiru,
Tanimu kakanmu ya taka nan da huhun goro a ka,
lokacin babu kwalta, babu mai tausaya masa.

A ƙoli ga tsohon sansanin soja, jan bango,
bindigogi sun yi tsatsa, baki buɗe.
Ƙadangare na shan hantsi a kan ɗaya,
yana gyaɗa kai
sai ka ce shi ya ci yaƙin.

Na tsaya na duba ƙasa.
Rufin kwano har iyakar gani,
tudu bayan tudu, kowanne da hasumiyarsa,
ƙararrawar coci daga nan,
ladan daga can,
iska ta haɗa su ta kai wa Mai su.

Na gangara Zango da takarda a aljihu,
rubutun mahaifiyata, biro ya koɗe:
gidan Gariba mai awo, gindin mangwaro.

Mma Lantana mai koko ta karanta sau biyu.
Ta ce, "Mangwaron? Ni ma labarinsa na ji."
Ta zuba min rabin ƙwarya ba ta karɓi kuɗi ba,
ta nuna lungu da ludayi.

Gidan ya zama shagon gyaran waya.
Yaron ciki bai san Gariba ba,
bai san Tanimu ba,
ya tambaye ni ko caji nake so.

Amma dokin ƙofar na nan,
baƙin dutse, tsakiyarsa ta lotsa
kamar tafin hannun mai roƙon ruwa.
Ƙafa nawa ta ci shi haka?
Na cire takalmi.
Na sa tawa a ramin.
Ta zauna daidai, ban ce komai ba.

Sai hadari ya taso daga wajen Bantama,
ruwan Kumasi da ba ya sallama.
Jan ruwa ya biyo lungu yana gudu,
ya san hanyar gangara fiye da ni.

Yaron ya turo min benci.
Muka zauna muna kallo,
shi da wayoyinsa,
ni da gwiwata,
wadda yanzu ta yi shiru.