Wuyan Tagulla

A ɗakin ajiya, bayan garken tumaki,
inda iskar Karoo ke jijjiga kwanon rufi,
Baba Barend ya kashe fitila.
"Da rana launi ƙarya yake yi," in ji shi.

Kwanson harsashi arba'in cikin gwangwanin madara,
kowanne ya sha harbi sau shida,
sau shida an matse shi, an ɗura, an mayar bindiga.
"Tagulla ba ta mantuwa, Marlise.
Duk matsar da ta sha, a wuya take tarawa
har wuyan ya sandare.
Wannan ya cafke harsashi kamar mai bin bashi,
wancan ya sake shi tun ba a roƙa ba."

Na gani da idona ranar Asabar:
albarushi ɗaya, awo ɗaya, kafaɗa ɗaya,
amma a takardar bara, mita ɗari uku,
ramuka sun watse kamar kashin awaki.
Na zargi iska. Na zargi madubin saiti.
Shi bai ce komai ba, ya tsince kwanson a hula.

Yanzu ga harshen wuta, shuɗi, siriri.
Hannunsa na rawa tun damunar bara,
don haka ni ke juyawa, shi ke ƙirga.
Wuya kaɗai, da ɗan kafaɗa.
Gindi kuwa a bar shi da taurinsa,
shi ke tare aradu kada ta dawo fuska.
Ɗaya, biyu, uku,
wani launi ya taso kamar wuyan hasbiya,
ya gangaro kaɗan.
"Cire!"

Na bakwai na bar shi ya yi ja.
Ya matse bakinsa da yatsa biyu, ya lotse.
"Wanda ya yi laushi da yawa ba ya riƙe komai."
Ya jefa shi kwandon shara, tsit.

Asabar ta zagayo. Filin harbi na Fraserburg,
sanyi na cizon kunne.
Harbi biyar.
Muka taka har gaban takardar, shi a baya da sanda.
Huɗu sun haɗa kai, kwabo guda zai rufe su,
na biyar ya ɗan kauce hagu.
"Wannan naki ne," ya ce, "ba na tagulla ba."

A mota, wajen injin iskar da ya daina juyi,
ya tambaye ni ƙarfe nawa ne yanzu a Perth.
Shekara tara bai ambaci Wikus ba,
tun ranar da suka yi cacar baki kan gonar.
Na ce dare ya yi can.
Ya shafa ƙeyarsa, ya daɗe yana kallon titi.
"To, gobe," in ji shi.
Gwangwanin na ƙara a ƙarƙashin kujera
duk ramin da muka faɗa.