Butalai Goma Sha Biyu

Da sassafe na jera butalaina a bakin hanyar Ɗan Isa,
rana ta bugi esansi, ya yi launin zuma.

Sai ga motar Alhaji Nomau, ko tari ba ta yi,
ta tsaya sululu kamar kyanwa a kan katanga.
Direba ya ce baki biyu gare ta,
ɗaya na shan mai, ɗaya na tsotsar wutar bango.
Wai a ƙetare masu lissafi sun fara ƙirga
ranar da rijiyoyin mai za su rasa mai jefa guga.

Na ce, nawa?
Ya faɗa. Na auna da gidan babana na Bagalam,
har da tumakin ciki,
bai kai ba.

Daren nan wuta ta tafi tun magariba.
Ƙarfe goma ga yaron Alhaji da jarka, yana sunne kai:
lita biyar, janareta za ta ba mota caji.

Na tsiyaya masa, ban ce uffan ba.

Amma Mantau ɗana,
da na fara koya wa riƙon mazurari,
gobe wajen mai gyaran batir zan kai shi.