Lita Bakwai

Alhaji Isaka ya bugo waya daga Nima:
"Shekaranjiya goma, yau bakwai,
ina ukun suka shige?"

Alhaji, zo bayan Ashaiman ka gani.

Kyalla ruwa biyu ce,
uwarta 'yar gida, mai jure fari,
ubanta kuwa a kwalba ya zo daga ƙasar sanyi,
ya bar mata gadon babbar hantsa
da cikin da ba ya jin lallashi.

Fadamar da ta yi kiwo bara
an kafa mata fegi, an jera bulo.
Hantsi na yi, sai gindin darbejiya,
tana haki, ko ciyawar ba ta kallo.

Dusa kwano biyu nake auna mata,
da ɓawon rogo daga masu tuyar gari,
da ɗan barbaɗen gishiri.
Buhun ya ƙare tun Talata.

Hantsa ba famfo ba ce, Alhaji.
Abin da baki ya tsinka da la'asar
shi nake tatsa da asuba,
Memuna mai fura na tsaye da galan,
maraƙi na bin hannuna da ido.

Ukun nan suna ƙarƙashin siminti.
Turo kuɗin dusa.