Jiran Lamba a Ironwood

Shagona na bakin titi a Ironwood,
inda ƙanƙara ke toshe ƙofa tun Nuwamba.
Mahaifina ya bar mini shi da bashinsa:
kekunan guragu tara, gadon jinya biyu,
tukwanen iskar shaƙa a jere jikin bango
kamar sojojin da aka manta a filin fareti.

Ran wata Talata Orville Tervo ya shigo,
ɗan mazan jiya, saba'in da shida,
ƙafa ɗaya tasa, ɗayar ta gwamnati.
Ya ce, "Lorna, gwiwar da ta rage ta ajiye aiki.
Likita ya rubuta mini keke,
amma sun duba littafinsu, ba sunanki.
Mai suna yana Marquette, awa uku a mota,
ni da ko akwatin wasiƙa ba na kaiwa sai na huta."

Daren nan na zauna da fom.
Shafi arba'in da ɗaya.
Lambar haraji, lasisin jiha, takardar inshora,
shaidar cewa ban taɓa cin amanar kowa ba,
sai ka ce amana abar hatimi ce.
Suka tambayi faɗin ƙofata.
Shekara talatin ina shige da fice ta cikinta,
ban taɓa auna ta ba sai ranar.

Na aika. Suka dawo da shi.
A shafi na bakwai na rubuta Kivela,
a lasisi wani magatakarda ya sa Kivella.
Harafi ɗaya, siriri kamar tsinken ashana,
ya tokare ƙofar da na auna.

Na buga waya. Aka sa mini kiɗan jira,
goge mai tsami, minti hamsin da biyu.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ni kofi na dafa, har tukunya ta ƙosa.
Wata murya mai mura ta ce, "Kwana casa'in."
Na ce mutumin ba shi da gwiwar kwana casa'in.
Ta yi shiru. Na ji tana jan hanci.
Ta ce, "Nima babana..." sai layin ya yanke.

Akwai wani tsohon keke a bayan shago,
shuɗi, tayar hagu na kukan ɓera.
Na ɗora shi a akori-kura, na kai masa.
Ba rasit, ba lamba, ba sa hannu.
Ya zauna, ya juya sau biyu a tsakar ɗaki,
karensa Sisu na haushin tayar.

Mai duba shago ya zo a Fabrairu,
da awo a aljihu, da hular da ba ta sanyinmu ba.
Ya ƙirga tukwane, ya shinshina ma'aji,
ya ce a ɗaga abin kashe gobara taƙi ɗaya.
Na ɗaga.

Lambar ta iso ranar da rufi ya fara ɗiga,
a ambulan mai taga, ba ko barka.
Na manna ta jikin bango kusa da hoton Baba.
Na kira Orville: sabon kekenka ya halatta,
baƙi, mai laushin kujera, ba ya ko tari.

Ya ce, "Bar shi.
Sisu ya makance tun bara.
Da kukan tayar nan yake sanin inda nake."

Don haka takardar kuɗi ta farko
da na tura wa babbar hukumar 'yan mazan jiya
ta robar gindin sanda ce, guda ɗaya,
dala huɗu da 'yan canji,
ta wata Denise Aho, mai shekara ashirin da tara,
wadda ta ce kada in riƙe mata ƙofa.

Ban riƙe ba.
Na san faɗinta yanzu.