Sauya Hatimi Kafin Asuba

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Jekadafari.
Janareto na tari a bayan katanga,
ni da Mela mun ƙura wa allo ido,
shayinmu ya huce tun ba mu kurɓa ba.

Akwai hatimin da injunanmu ke ɗagawa
duk sa'ad da baƙo ya tsaya a ƙofa
ya ce, "Ku ne kuwa, ko wani ne ya ari muryarku?"
Wa'adinsa zai cika da kiran assalatu.
Sabon yana hannuna,
mabuɗinsa kuwa na can a kulle
inda ko ni ban taɓa sa shi a ido ba.

Girgije suke ce masa.
Ni dai ban ga ranar da ya zubo da ruwa ba.
Injuna ne, ɗari huɗu da 'yan kai,
wasu a ƙetaren teku, wasu nan bayan gari,
suna goye da albashin malaman firamare,
da sakamakon gwajin jinin wata tsohuwa a Kumo,
da kuɗin waken da aka yi wa lodi a Tudun Hatsi.

Mela ya yi hamma, ya ce, "Maɓalli ɗaya ne fa.
Danna su karɓa duka, mu je mu miƙe baya."

Sai na tuna Baffa Jungudo,
mai yi wa shanu allura a rugagen Dukku.
In sabon magani ya zo daga birni
ba ya bin garke da shi.
Maraƙi guda yake kamawa,
ya soka, ya koma gindin tsamiya ya zauna
har sai ya ga ya kwanta yana tuƙa.
Makiyaya su yi ta tsaki,
shi ko a jikinsa.

Na ce, "Ɗaya tukuna."

Ɗaya ta karɓa. Muka jira.
Sauro ya ci rabonsa a idon sawuna.
Biyar suka karɓa, ashirin suka bi,
layi bayan layi yana zama kore
kamar gonar gero bayan ruwan tsakiyar damina.

Ƙarfe biyu saura, ja ya bayyana.

Wata tsohuwar inji ce a Bajoga,
da ita ake biyan masu dakon siminti.
Ta dubi sabon hatimi ta kau da kai.
Agogonta ne ya makara da kwana biyu,
a lissafinta
ba a ma haifi wannan hatimi ba,
ina za ta amince da ɗan da bai zo duniya ba?

Na tsayar da komai.
Tsohon hatimi yana nan, ban yar ba,
wa ke fasa randa don ya ga hadari?
Na mayar mata da nata, ta numfasa.
Mela ya bi sawu ya gano 'yan'uwanta sha bakwai
masu irin wannan makara,
ya daidaita musu lokaci ɗaya bayan ɗaya,
bai ce da ni uffan ba,
sai dai ya tashi ya sake ɗora ruwan shayi.

Daga nan muka kora su kashi-kashi,
kamar masu tsallakar da garke a Gongola,
kowane kashi sai mun ga ƙafarsa a tudu.

Ta ƙarshe ta karɓa ladan na gyaran murya.

Da hantsi, a hanyar gida,
na tsaya wajen Adda Dijatu mai masa.
Wani direba ya miƙa waya zai biya.
Na leƙa ta gefen kafaɗarsa:
ɗan kwadon nan na saman allo yana nan a rufe.
Kuɗi suka shiga. Ya ce a ƙara masa yaji.

Ba wanda ya san an kwana ana tsaron ƙofarsa.
Baffa ma, na tuna,
in garke ya wayi gari lafiya
ba a neman sa.