Ina Ruwan?

Ni ne magatakarda,
ba don ilimi ba:
shagon ɗinkina ne a bakin hanya,
kuma birona ba ya tsiyaya.
Suka ce, Bappayo, rubuta.
Na ajiye almakashi.

Bayan gaisuwa da fatan alheri,
mu ne mutanen gangaren Tumfure, gida saba'in da ɗaya.
Akwai hanyar da ruwa ke bi
tun kakan mai unguwa yana rarrafe,
ta gindin ɗorawa, ta bayan maƙabarta, sai kwari.
Bana an zo da igiyar awo da turaku,
an ja katanga a wuyanta,
an kafa allo mai hoton gidaje da jan kwano
da wata irin ciyawa
da ban taɓa ganin ta a Gombe ba.

Goggo Dudu ta dangwala yatsa,
ta ce in ƙara cewa ɗakinta ne farko a gangare.
Yila ya cire kuɗin mota daga fanshonsa.
Muka kama hanyar Kumo.

Na san bencin nan na sakatariya yanzu,
na san ƙusar da ke kama riga.
Ciyaman ya yi tafiya.
Sakatare na taro.
Mai riƙe da makullin ɗakin fayil ya je ta'aziyya.
Ku dawo Talata.
Talata ta haifi Talata,
har jikokinta muka gani.

Ranar da aka saurare mu,
wani mai sanyin murya ya ce filin birni na jiha ne.
A jiha suka ce kukan unguwa
daga ƙaramar hukuma yake farawa.
Takardarmu ta yi ta zarya kamar allura,
sai dai babu zare a gindinta.

Kwamiti ya zo dai, kar in yi ƙarya.
Ya zo a watan Maris, da farar mota,
ƙasa ta bushe har tana tsagewa.
Shugabansu ya sauko, ya ɗage babbar riga,
ya dubi rairayi, ya dube mu,
ya ce, Ina ruwan?
Wallahi abin da ya faɗa ke nan.
Kunnena ne ya ƙara masa wasali ɗaya.

Ga abin da ban sa a takarda ba.
Ɗana Gidado birkila ne,
kuma a katangar nan yake aiki.
Shinkafar da na ci jiya da dare,
ladan bulo ɗari da ashirin ce.
Yana wanke siminti a hannu, bai ɗago ba, ya ce,
Baba, in ban ɗora ba wani zai ɗora.
Na yi shiru. Na ƙara loma.

Can da za mu kwanta ya tsaya a bakin ƙofa.
Wajen ɗorawa, ya ce, layin ƙasa,
bulo uku yashi ya fi yawa a kwaɓinsu.
Ban tambaye shi ko kuskure ne ba.
Ban gode masa ba, ban tsawata ba.
Har yau ban san wanne ya kamata ba.

Yanzu an ba fayil ɗinmu lamba.
Yila ya rubuta ta da gawayi a bangonsa
kamar laya.
Goggo Dudu ta ɗora buhun masararta a kan gado,
ita tana kwana a tabarma.
Ni kuma na bar ɗinkin Sallah,
buhuna nake ɗinkawa, yara na cika su da yashi.

Gabas ta fara haɗa rai.
Na ɗauko takarda ta bakwai,
na rubuta Bayan gaisuwa,
sai iska ta ɗaga ta daga kan keke,
ta bi da ita ta gindin ɗorawa.