Yatsan da Zare Ya Cinye

Tun kafin ladan ya gyara murya
na laluba aljihu sau uku.
Katin na nan, naɗe a ledar burodi.
Tasalla ta ce, "Sha koko tukuna."
Na ce, "Layi ba ya jiran mai koko."

A firamarenmu ta Kakuri, gindin mangwaro,
muka jera duwatsu su riƙe mana wuri.
Nawa ne na goma sha tara.
Na ashirin na Shekari ne,
wanda muka yi shekara ashirin da biyu
kan inji guda a masaƙa,
shi da dare, ni da rana,
har ranar da aka danna wa ƙofa kwaɗo
aka ce mu je, za a neme mu.
Har yau ana nemanmu.

Ƙarfe takwas aka ce.
Sha ɗaya ta gota motar ta iso.
Aka tallafi ƙafar tebur da bulo.
Mai kunun zaƙi ta riga ta kife bokiti guda.
Wani yaro ya raɓo ta bayan aji
yana raɗa: taliya biyu, sabulu, da ɗan abin cefane.
Iya Kande ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane,
ta ce, "Kuɗinmu ne suka yi makuwa, suka gane gida.
Abin da zan jefa kuwa, daga ni sai Allah."

Da aka zo kaina
'yar bautar ƙasa ta kama babban yatsana
ta ɗora kan na'ura.
Shiru.
Ta goge shi da auduga,
auduga, tsohuwar abokiyar aiki!
Ta sake ɗorawa. Na'ura ta ce ba ta san ni ba.

Zare ne, 'yata.
Ta nan ya riƙa bi, kullum ta Allah,
ya kwashe zanen yatsan kaɗan-kaɗan
ya kai shi cikin atamfar da aka goye ku da ita.
Ban faɗa mata ba. Layi ya fara guna-guni.

Sai ta ɗaga na'ura saitin fuskata:
"Baba, cire hula. Kada ka yi murmushi."
Shekari ya ce daga baya,
"Wannan ba wuya, tun rufe masaƙa ya bari."
Dariya ta ƙwace mini, aka sake ɗauka.
A na biyu ta yarda ni ne Barau.

Takardar doguwa, kamar bashin mai shago.
Na shiga bayan labulen kwali.
Nan babu wakili, babu mai unguwa,
babu na rediyo mai rantsuwa da safe.
Sai kukan jirgin ƙasa can nesa
da wani ƙuda kan tawada.
Na daɗe. Ba don ban san inda zan sa ba.
Rabon da a jira ni in yanke magana
na manta.

Na danna.
Abin da ya fito dunƙule ne, babu zane ko ɗaya,
kamar ɗigon baƙin mai a rigar aiki.

Na san inda Shekari ya sa nasa,
ya san ba can na sa ba.
Muka raba rake gaɓa uku-uku
muka zauna kan duwatsunmu.

Bayan magariba aka juye akwati.
Samari suka kunna fitilun waya,
muka bi bakin yarinyar kamar 'yan aji ɗaya:
sittin da bakwai, sittin da takwas.
Ta ɗaga wata, ta juya ta, ta yi jim.
Wakilai suka taso da haƙarƙari.
Na hango dunƙulen daga inda nake.
Gabana ya faɗi.
Ta ce, "Yana cikin gidansa, bai taɓa layi ba."
Sittin da tara.

A gida jikata Uwale ta tare ni a zaure:
"Kaka, wa ya ci?"
Na ce, tambayi rediyo jibi ko gata.
Ta kama hannuna tana kankarar farcen da yawu.
Bar shi, na ce, da kansa zai fita.

Tasalla ta miƙo kokon safe.
Ya yi sanyi, ya yi fata a sama.
Na shanye.